Sola ɗaya ga asibiti da makaranta, ko kowanne da nasa?

Ɗan Gangare ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Jos, kuma ina neman shawarar masana kafin mu taɓa kuɗin da jama'a suka damƙa mana amana. Garin namu ƙauye ne a arewacin jihar Filato, turakun lantarki ba su kai gare shi ba, kuma babu alamar za su kai nan kusa. Muna da ƙaramin asibiti na matakin farko mai ɗakin haihuwa ɗaya da 'yan gadaje, katanga ɗaya ce kuma ta raba shi da makarantar firamare da ƙaramar sakandare.

A shekarun baya an taɓa kafa wa asibitin sola a ƙarƙashin wata kwangila. An yi bikin buɗewa, an ɗauki hotuna, wuta ta yi aiki kamar shekara biyu, daga nan batura suka fara ɗaukewa da tsakar dare har suka daina riƙe caji gaba ɗaya. Yanzu fanel ɗin suna nan a kan rufi, a ido lafiyarsu ƙalau, amma idan naƙuda ta zo da dare da fitilar waya ake haskawa. Janareton da ke akwai kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai dangin mara lafiya sun sayo mai kafin a tayar da shi.

Mun yi karo-karo, wasu masu hannu da shuni ma sun tallafa, amma kan 'yan kwamiti ya rabu. Wasu sun ce a kafa babbar sola ɗaya a ja waya zuwa asibiti da makaranta, tunda makaranta da rana take buƙatar wuta, asibiti kuma da dare. Wasu sun ce a raba. Haka kuma an kasa daidaitawa a kan batir, ko mai ruwa irin wanda aka saba, ko na litiyom mai tsada. Abin da ya fi damuna shi ne kada mu maimaita abin da ya faru a baya. Don Allah wanda ya san aikin ya haska mana.

Injiniya daga Bukuru ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin a je ga maganar ɗaya ko biyu, ku fara da lissafin kaya, domin a nan mafi yawan irin waɗannan ayyuka suke karyewa. Ku zauna da ma'aikatan asibitin ku rubuta kowace na'ura, da ƙarfin wutar da take ja, da awannin da take aiki. Ga misali. Ƙwan fitila goma masu wat 10 idan sun kwana a kunne awa 12 sun ci kilowat-awa 1.2. Fanka uku masu wat 60 na awa 8 sun ci kusan 1.4. A ƙara cajin wayoyi da madubin duba jini da makamantansu, jimla ba za ta wuce kilowat-awa 3 da ɗan wani abu a yini ba. Wannan ƙaramin aiki ne. Amma ranar da aka kawo injin tace iskar oksijin mai ba da lita 5 a minti, wanda yake jan wajen wat 350, idan yaro mai ciwon huhu ya kwana ya wuni a kansa, injin shi kaɗai ya ci kilowat-awa 8.4. Wato na'ura ɗaya ta kusa ninka sauran kayan asibitin sau uku. Wanda ya auna sola a kan fitilu da fanka, daga baya aka jona mata wannan injin ko tukunyar dafa kayan aiki, to ya kashe baturansa da hannunsa.

Game da fanel, Jos da kewayenta suna da sa'a guda. Muna kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, kuma fanel ya fi ba da wuta a wuri mai sanyi, domin duk digiri ɗaya da zafin jikinsa ya haura 25 yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Amma muna da namu cikas, wato markar Yuli da Agusta, lokacin da ake yin kwanaki rana ba ta fito sosai ba. Don haka da watan Agusta ake auna sola a Filato, ba da watan Maris ba. Ni nakan ɗauka cewa fanel mai kilowat 1 zai ba da kamar kilowat-awa 3 a yini a wannan lokacin, bayan an cire asarar waya da inbata. Ke nan asibitinku ba tare da injin oksijin ba kilowat 1 da rabi ya wadatar, da shi kuwa sai an kai kilowat 4. A fuskantar da su kudu, a karkata su kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya riƙa wanke su, a hunturu kuma a sami mai goge ƙura duk mako da sassafe.

Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 220 yana ɗauke da kilowat-awa 2.6 a rubuce, amma rabin wannan kaɗai ya kamata a sha idan ana son ya yi ƙarko, kuma yana buƙatar a riƙa duba ruwansa ana ƙara tataccen ruwa, ba na rijiya ba. A asibitin ƙauye babu mai yin wannan, shi ya sa suke mutuwa cikin shekara biyu zuwa uku. Na litiyom, irin wanda ake haɗawa da ƙarfe da fosfet, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 na cajinsa kullum, yana jure dubban zagaye na caji, kuma yana da kwakwalwar da ke yanke wuta kafin a yi masa illa. Idan aka raba kuɗinsa a kan shekarun da zai yi, shi ne mai araha. Sai dai a saya wurin dillalin da zai ba da garanti a rubuce, domin kasuwa ta cika da tsofaffin ƙwayoyin batir da aka sa wa sabon akwati.

Ra'ayina shi ne a raba. Hujjar masu cewa a haɗa tana da kyau a takarda, amma batir ɗaya idan ya zama na kowa, asibiti ne zai kwana a duhu ranar da makaranta ta yi taro ta kunna lasifika da kwamfutoci a cikin hadari. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kada kuma ku manta da tsawa. Filato ƙasar aradu ce, kuma doguwar waya tsakanin gini biyu tana ƙara hanyar da za ta bi ta ƙona inbata. Dole a kafa sandar ƙasa mai kyau da na'urar tare tsawa a ɓangaren fanel da na fitar wuta. Tsofaffin fanel ɗin da ke kan rufi kuma kada a zubar, a auna su tukuna, domin fanel mai kyau yana kai shekara 25.

Ungozoma ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka wa ƙungiyarku da alheri. Na yi aiki a ƙananan asibitocin karkara kafin a dawo da ni cikin gari, don haka zan yi magana a kan abin da Injiniya bai taɓo ba.

Firjin rigakafi kada ku sa shi cikin lissafinku ko kaɗan, kuma kada ku saya a kasuwa. Alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8, kuma mutane sun fi tsoron zafi alhali daskarewa ma tana lalata wasu, irin su penta, wato allurar yara mai kare cututtuka biyar, da ta ciwon hanta da ta sarƙe-haƙora. Firjin gida yana daskarar da abin da ke jikin bangonsa, allurar ta mutu, a yi wa yaro ita, uwa ta koma gida tana ganin an kare ɗanta. Abin da ake amfani da shi yanzu shi ne firji mai fanel nasa na kansa wanda ba ya da batir. Da rana yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, wannan sanyin ne yake riƙe magani cikin dare har da kwanakin hadari. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ce take rarraba irinsa da tallafin Gavi, ƙungiyar duniya mai tallafa wa rigakafi, don haka ku je wurin jami'in rigakafi na ƙaramar hukumarku ku ji ko asibitinku yana cikin jeri. Idan an kawo, kada a bari kowa ya jona wani abu a fanel ɗinsa. Allurar oksitosin da muke tsayar da zubar jini bayan haihuwa ita ma sanyi take so, kuma inda babu firji nakan ga an ajiye ta a aljihun tebur wata da watanni, sai ranar buƙata a yi ta a ga jini bai tsaya ba.

Abu na biyu, ɗakin haihuwa ya sami fitilarsa ta dabam wadda ba ta bi ta inbata ba. Ba sabon tunani ba ne, kuma a ƙasar nan aka faro shi. A 2008 wata likitar mata 'yar Amurka, Laura Stachel, ta zo asibitin Ƙofar Gayan a Zariya ta ga yadda ake fama da haihuwa a duhu, ita da mijinta suka haɗa ƙaramin akwatin sola mai fitilu da wurin caji, wanda daga baya ya yaɗu a ƙasashe da dama. Abin da ake buƙata ke nan: ƙaramin fanel, ƙaramin batir, fitilu biyu masu haske, da fitilar goshi mai caji. Wanda bai taɓa ɗinkin ƙari ba alhali 'yar rakiya tana riƙe masa waya hannunta yana rawa, ba zai gane darajar fitilar goshi ba. Ranar da babbar sola ta sami matsala, wannan ƙaramar ce za ta fitar da ku kunya.

Na uku, kuma ina roƙon a fahimce ni, ku sa ɗakin kwanan ma'aikata cikin lissafi tun farko. Ƙwai biyu da soket ɗaya na caji sun isa. Idan kun hana, za a ja waya a ɓoye, kuma wayar ɓoye ba ta da fis, yau caji ne gobe dutsen guga. Asibiti ba ya aiki da dare sai da ma'aikaciyar da ta yarda ta kwana a garin, kuma mace mai goyo ba za ta zauna a ɗaki mai duhu ba alhali tana da gida a Jos.

Tsohon Hedimasta ya rubuta:

Na goyi bayan a raba, amma dalilina dabam ne da na Injiniya. Makaranta wuri ne da ake rufewa da azahar, ake rufewa ƙarshen mako, ake kuma yin dogon hutu a tsakiyar damina. Duk abin da aka bari a ciki mai daraja sai an yi gadinsa, kuma batir ya fi komai jan hankalin ɓarawo. Saboda haka makaranta ta sami fanel isassu da ƙaramin batir kawai, a tsara darasin kwamfuta tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana. Kwamfutar tafi-da-gidanka ashirin masu wat 50 na awa 4 kilowat-awa 4 ne, kuma kowace tana da batirinta a ciki. Kada ku karɓi kyautar tsofaffin kwamfutocin tebur, suna cin ninki uku na wannan.

Buƙatar gaskiya ce, kada a raina ta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma yaron ƙauye yakan fara taɓa linzamin kwamfuta ne ranar jarrabawa. Sai dai in da ni ne, kafin kwamfuta zan fara da famfon sola a rijiyar burtsatse tsakanin gine-ginen biyu. Ba ya buƙatar batir, tankin sama ne ma'ajiyarsa, kuma makaranta da asibiti duk za su sha. Wannan kaɗai ne abin da nake ganin ya dace a yi tarayya a kansa.

Ma'aikaci a Abuja ya rubuta:

Na karanta bayanan malamaina, kuma ban ƙi ko ɗaya ba ta fuskar fasaha, amma ina ganin tambayar Malam Sakatare ta ƙarshe ita ce babba, kuma har yanzu ba a amsa ta ba. Solar farko ba don an haɗa ko an raba ta mutu ba. Ta mutu ne don ranar da batir ya gaji babu wanda aikin yake wuyansa, kuma babu asusun da za a ciro kuɗi.

Matsalar ba ta garinku kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Bankin Duniya da wasu hukumomi a watan Janairun 2023 ya nuna cewa kusan mutum biliyan ɗaya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna zuwa asibitocin da ko dai ba su da wuta sam, ko kuma wutar ba abin dogaro ba ce, kuma a Afirka kudu da Sahara kusan rabin asibitoci suna cikin wannan hali na rashin tabbas. Masu ba da tallafi sun daɗe suna biyan kuɗin kafawa, kuɗin kulawa kuwa a bar wa ƙaramar hukumar da albashi ma yake yi mata nauyi.

Ku mutanen Jos kuna da misali a ƙofar gida. Kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra tun 1929 domin ma'adinan kuza, kuma ya daɗe yana aiki a gefen babban layin ƙasa. Abin da ya riƙe shi shi ne yana da mai shi, yana da masu biya, yana da ma'aikatan da ke zaune kusa da injin. Sola ma haka take buƙata, ko da ƙarama ce.

Don haka kafin ku kashe kuɗinku, ku bincika hanya ta uku. Hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ta gudanar da shirin da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 350 a 2018, kuma a Disamban 2023 bankin ya amince da wani sabo mai suna DARES na dala miliyan 750. Tallafin ba ya zuwa hannun al'umma, kamfanoni ake biya bisa yawan gidajen da suka haɗa da ƙaramar tashar sola ta gari. Idan garinku yana da kasuwa da injinan niƙa da masu walda, wani kamfani zai iya sha'awar kafa tasha, asibiti da makaranta su zama masu sayen wuta da mita, gyara kuma ya zama nasa. A nan na saɓa da Injiniya kaɗan: haɗawa ba laifi ba ce idan akwai mita da mai kula na dindindin. Haɗawar da babu mai ita ce matsala.

Idan wannan bai samu ba, to kada ku kashe duk abin da kuka tara. Ku rage girman aikin, ku ware wani kaso a asusu mai sa hannun mutum uku, na ƙungiya da na kwamitin ci gaban mazaɓa da shugaban asibitin. Ku kuma tambaya ko asibitin yana cikin masu karɓar kuɗin asusun kula da lafiya na matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake turawa kai tsaye zuwa asusun asibiti. Ba shi da yawa, amma zai iya ɗaukar ƙananan gyare-gyare idan an sa su cikin tsarin kashe kuɗin asibitin.

Ɗan Gangare ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na karanta wa 'yan kwamiti bayananku, kuma an fi karkata ga a fara da asibiti da famfon ruwa, makaranta ta biyo baya. Maganar kamfani mai kafa tasha za mu bincika, ko da yake garin namu ƙarami ne, injin niƙa biyu ne kawai, ban sani ba ko zai ja hankalin kowa. Hajiya, shugaban asibitin ya ce maganarki ta ɗakin ma'aikata kamar kin san abin da ya faru a wancan karon. Saura tambaya ɗaya ga Injiniya: me ya kamata mu rubuta a yarjejeniya da wanda zai yi aikin?

Injiniya daga Bukuru ya rubuta:

Malam Sakatare, ku rubuta sunan kamfani da lamba da ƙarfin kowane fanel da batir da inbata, kuma wani naku ya duba su a ƙasa kafin a hau da su rufi. Ku riƙe wani kaso na kuɗin aiki, kada a biya sai sola ta ƙetare damina ɗaya cikakkiya, domin wanda aka kafa wa a watan Fabrairu ba zai san gaskiyar abin da ya saya ba sai Agusta. A rubuta cewa zai riƙa zuwa dubawa sau biyu a shekara, kafin damina da bayan hunturu, da adadin kwanakin da zai ɗauka kafin ya amsa kira idan wuta ta ɗauke.

A raba wayar asibitin gida biyu a allon rarraba wuta. Layi ɗaya na ɗakin haihuwa da injin oksijin da fitilun ɗakin kwanciya, ɗaya kuma na fanka da ofis da ɗakin ma'aikata, a saita inbata ta yanke na biyun idan cajin batir ya sauka zuwa wani mataki. Soket ɗin ma'aikata a sa masa ƙaramin makatsi wanda zai faɗi da zarar an jona hita ko dutsen guga. Tunda akwai janareto, a haɗa shi da inbata yadda zai iya cajin batir a kwanakin marka, awa biyu ko uku sun fi a bar shi yana ruri dare guda saboda ƙwai goma.

Ya kuma koya wa mutum biyu mazauna garin, ba ma'aikatan da za a iya canza wa wurin aiki kaɗai ba, yadda ake karanta allon inbata da goge fanel da kashe wuta cikin gaggawa, ya bar zanen wayoyin a manne a bangon ɗakin batir. Ɗakin ya kasance mai iska da ƙofar ƙarfe, fanel kuma a ɗaure su da kusoshin da sifana ta kasuwa ba ta kwancewa. Game da maganar ɗan'uwanmu na Abuja, na yarda da shi idan kamfanin zai zo, amma ko tashar gari ta samu, ƙaramar fitilar ɗakin haihuwa da firjin rigakafi su zauna a kan fanel ɗinsu. Idan kun samo ƙiyasi daga masu aiki biyu ko uku, ku kawo jerin kayan nan zauren ba tare da sunayensu ba, mu duba tare.